ƘARARRAWA TA TAFI HUTU, JIKINKI YANA NAN

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuka naɗe tabarmar zango na 3 kuka dawo gida dogon hutu. Ina yi muku barka da hutawa, Allah ya sa sakamako ya yi kyau, amin. A wannan fitowar na ajiye labarin soyayya gefe guda, domin akwai wanda ya fi kowane saurayi kusa da ke, yana tare da ke dare da rana, kuma shi ne kika fi wulaƙantawa da zarar an ce an ba da hutu. Jikinki nake nufi.

Ki tsaya ki yi tunani a kan ƙararrawar makaranta, wadda kowa ke tsine mata. Ita ke tashin 'yar makarantar kwana da asuba, ita ke tura ta shara da ɗebo ruwa, ita ke kai ta ɗakin cin abinci a kan lokaci, ta fitar da ita fili da yamma, sannan ta kashe mata fitila da daddare ko tana so ko ba ta so. 'Yar jeka-ka-dawo ma ba ta tsira ba, domin tsoron bulalar makara yana sa ta taka da sauri tun da sassafe, ta kuma tako ta dawo da rana. Duk wannan motsa jiki ne, kuma tsari ne na ci da barci, sai dai ba ke kika zaɓa ba, shi ya sa ba ki san kina yi ba. To ranar da aka rufe makaranta, ƙararrawa ta yi shiru har mako 6 ko fiye, kuma babu wanda ya gaya miki cewa aikin da take yi ya dawo wuyanki.

Zan yi misali da ƙasarmu ta Ungogo, saboda a nan ana samun 'yan mata iri biyu waɗanda hutu ke cutarwa ta hanya biyu mabambanta. Ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 11, wadda ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 360,000 a cikinta. Wani ɓangarenta, irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa, tuni birnin Kano ya haɗiye shi, gida na jikin gida, kwalta da shaguna. Amma ki nausa wajen su Karo da Rangaza da Fanisau, har yanzu za ki ga gona na jikin gona, ga kuka ga ɗorawa ga gawo a tsaye cikin dawa. Tun 1965 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a kan gundumar Ungogo, saboda mamakin yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙasa 'yar kaɗan, suna noma ta kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Kakanninmu ke nan, mutanen da ƙafa ce motarsu. Jikokinsu kuwa, bari ki ji.

Ta farko ita ce 'yar cikin gari. Ranar da aka yi hutu ta sha alwashi iri-iri: za ta riƙa tashi da wuri, za ta rage tumbi, za ta yi bitar littattafanta. Kwana 3 ana haka, waya ta karɓi mulki. Hira da kallo har ƙarfe 2 na dare, a lallaɓa a yi sallar asuba ido rabi a rufe, a koma katifa sai hantsi ya dubi ludayi. Kalaci sai wajen ƙarfe 11, shayi mai kauri da burodi ko dafaffiyar taliyar leda. Da rana a kora da lemon kwalba. In an aike ta bakin titi, tafiyar da ba ta fi minti 10 ba, sai ta tsaya jiran A Daidaita Sahu. Tun da waɗannan babura masu ƙafa 3 suka shigo Kano a 2005 sun rufa wa mata asiri ƙwarai, ba na musu, amma sun kuma koya wa wasunmu ƙyuyar taka ƙasa.

A littattafan soyayya kin saba ganin tauraruwa tana kwance kan lallausan gado daga shafin farko har na ƙarshe, ta buɗe firji ta ɗauko lemo mai sanyi, kuma kullum fatarta na sheƙi, ƙugunta kamar an zana. Ni da nake rubuta irin waɗannan littattafai ina gaya miki takarda ce kawai ke ɗaukar wannan. Jikin gaske in kika kwantar da shi mako 2 ba motsi, ƙarfin numfashinsa ya fara ja baya ke nan. Shi ya sa za ki ga yarinya ta koma makaranta, ɗaukar bokiti ɗaya daga famfo zuwa ɗaki ya sa ta haki kamar wadda ta hau Dala da gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, wanda zai sa zuciya ta ɗan buga da sauri. Wadda ta kai 18 kuwa, minti 150 zuwa 300 a mako. A wani bincike da hukumar ta fitar a 2019 an gano cewa a duniya baki ɗaya, cikin 'yan mata 100 masu shekara 11 zuwa 17, guda 85 ba sa cika wannan awo, alhali a samari 78 ne. Kusan ko'ina dai mu ne a baya. Batun zaƙi kuma, hukumar ta ce kada sukarin da babba zai sha a yini ya wuce misalin cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali 8 zuwa 9 ita kaɗai. Ki haɗa da wanda kika zuba a shayi, da na zoɓo, da na cincin, ki yi lissafin da kanki.

Ta biyu ita ce 'yar ƙauye, kuma wallahi ita ta fi ba ni tausayi, domin in ana maganar kula da jiki a rediyo ko a mujalla kamar ba da ita ake ba. Ita hutu a wurinta suna ne kawai. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da maza ke gona, ita kuma ga surfe, ga jan ruwa, ga kai abinci gona, ga tallar dafaffiyar gyaɗa ko awara ko ɗanwake daga hantsi har la'asar. Wannan ba ta buƙatar kowa ya ce mata ta motsa jiki, minti 60 ɗin nan ta cika shi tun kafin 'yar birni ta farka. Matsalarta abin da za ta mayar wa jikin ne. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Kuma kin san al'adarmu, in an zuba tuwo akushin maigida ne farko, sai samari, sai ƙanana, budurwa ita ce ta ƙarshe, ga kunya ba za ta ce ban ƙoshi ba. Ta yini tana sayar da abinci a kanta, cikinta ba komai sai ƙanzo.

Abin da ke biyo baya shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 58 suna fama da shi. Budurwa tana zubar da jini kowane wata, tana kuma girma, don haka buƙatarta ta sinadarin ayon ta fi ta yayanta namiji. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: jiri in kin miƙe tsaye, kasala, bugun zuciya, ciwon kai, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, wata ma har ta riƙa kwaɗayin cin farar ƙasa. Sai a ce mata raguwa, ko a ce iska ce. Ta koma aji malami na bayani ita tana gyangyaɗi.

Abin farin ciki, Allah da ikonsa, daminar da ta kawo yunwa ita ce ta kawo maganin a bakin gona kyauta. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo, alayyafo, duk lokacinsu ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ki matsa lemon tsami a kai, ya fi taliyar leda sau nawa ban sani ba. Wake a ci shi ta kowace fuska, ko ɗanwake, ko alala, ko a cikin dambu da fate. Daddawa a miya, ƙwai in kaza ta yi, hanta ko kifi in an samu hali. Tsamin nan na lemo ko goba yana taimaka wa jiki ya tsotsi ayon ɗin da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi, saboda haka ki raba shayinki da abincinki da kamar awa 1. Ke 'yar birni da kika zo hutu gidan kaka kina yatsina fuska wai ba kya cin tafasa, ki sani abin da kike rainawa shi masu kuɗi ke nema a birni da tsada.

Tunda na ambaci zuwa hutu ƙauye, bari in yi wa masu haɗa jaka tuni. Kin sa atamfa kala 5, kin sa hoda da turare, to ina gidan sauronki? Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya fi kamari a ƙasar Kano, kuma sati ɗaya a kwance ya isa ya rushe duk abin da kika gina, ya kuma ƙara shanye jinin da dama bai isa ba. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bayarwa da damina na ƙananan yara ne 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ba naki ba ne, kada ki karɓe na ƙaninki. Naki shi ne ki shiga gidan sauro kowane dare, in kuma zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji kafin a sha magani. Sai ruwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ruwan rijiyar da ambaliya ta taɓa a tafasa shi, latas da kabeji da duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, hannu kuma da sabulu. In gudawa ta kama wani a gida, kafin a kai asibiti a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa a riƙa ba shi.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai 'yan matan da burinsu na hutu shi ne su koma makaranta a ce, “Kai, wance, hutu ya karɓe ki!” Ko kuma an sa ranar biki bayan kaka, ana so amarya ta ciko. Sai wata ƙawa ta raɗa mata sunan ƙwaya, ta je kemis ta sayo abin da ake kira sha-ka-fashe. 'Yar uwa, sunan kaɗai ai ya ishe ki wa'azi. Yawancin abin da ake haɗawa a ciki magunguna ne na wasu cututtuka dabam. Akwai mai sa yunwa da barci, wanda asalinsa na ƙaiƙayi da mura ne. Akwai kuma dekzametazon, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo ga mai asma ko wani ciwo mai tsanani. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse da ke taruwa a fuska da wuya da ciki, ƙafafu da hannuwa kuwa su sirance. Bayan haka sai hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki, nankarwa a fata, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice, jiki ya kasa yaƙar ƙananan cututtuka. Yarinya 'yar shekara 17 da ciwon tsofaffi, saboda kalmar yabo guda ɗaya a bakin ɗakin kwana. In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, yin hakan ma haɗari ne. Ki sami Umma ko wata yaya da kika yarda da ita ku je asibiti, likita ya janye miki shi a hankali.

Haka 'yar uwarta mai son ramewa, wadda ke sayen shayin rage ƙiba a intanet ko ta ƙi cin abinci yini guda. Yawancin irin wannan shayi gudawa da fitsari kawai yake sawa, ruwan jikinki ne ke fita, kitsen yana nan zaune daram. Da mai son kumbura da mai son tsotsewa duk neman gajeriyar hanya suke, kuma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

To me za a yi? Ki nemi wata ƙararrawar. Ba sai kin saya ba, ladanin unguwarku yana buga miki ita sau 5 a rana, hutu ko ba hutu. Ki ɗaura al'amuranki a jikin lokutan salla kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Bayan asuba kada ki koma katifa, wannan shi ne babban yaƙin, in kika ci shi sauran masu sauƙi ne. Ki ɗauki tsintsiya ki share tsakar gida da sauri, ki ja ruwa, ki karya kumallo kafin ƙarfe 8 ko da kunu da ƙosai ne. Barcin da kike bin kanki bashi ki biya shi bayan azahar, kaɗan, kada ya kai la'asar. Bayan la'asar rana ta yi sanyi, lokacin ƙafa ke nan: Islamiyya, gidan gwaggo, aiken Umma, ki tafi a ƙasa ke da ƙanwarki ko ƙawarki, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Wannan shi ne awon. Bayan isha ki ba wa waya sallama. Mai shekarunki tana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma in za ki tashi da asuba, lissafin bai ba ki damar kaiwa 12 na dare ba.

Ba kya buƙatar kayan wasanni ko wani gidan motsa jiki na masu kuɗi. Turmi da taɓarya suna nan. Duk wadda ta taɓa surfa kwano 2 na gero ta san babu gaɓar da ba ta aiki, daga kafaɗa har ƙugu. Injin niƙa ya hutar da iyayenmu, Allah ya saka wa wanda ya kawo shi, amma ko sau 2 a mako ki karɓi dakan yaji ko na fura da hannunki. Ga tsallen igiya, minti 10 a bayan ɗaki ya isa ya jiƙa ki da gumi. Ga 'yar gala-gala da ƙannenki. Ga gaɗa, wadda iyayenmu suka yi a dandali da farin wata, tsalle da tafi da faɗawa hannun ƙawaye, ba su taɓa kiranta motsa jiki ba amma ita ce. Yanzu yarinya na kai aji 1 na babbar sakandare sai a ce ta girma, ta zauna ta kama kanta. Kamun kai dabam, zaman dirshan dabam. A cikin gida, tsakanin mata, da suturarki, wa ya hana? In wani ya ce miki gudu ba na mace ba ne, ki tuna masa cewa ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Ko lokacin al'ada ma, in ba ciwon ya kwantar da ke ba, 'yar tafiya tana sassauta ciwon mara.

Dalilin da ya sa nake matsa miki ki koyi wannan tun yanzu, watarana za a kai ki ɗakinki. A yawancin gidajenmu matar aure ba ta fita sai da dalili, babu ƙararrawa, babu talla, babu tafiya makaranta, daga ɗaki sai madafa. Wannan hutu ne da ba a komawa. Wadda ta saba tsara wa jikinta lokaci a hutun mako 6 ita za ta iya a gidan miji, ta ɗauki ciki da ƙarfinta, ta haihu da jininta.

Hutun salla gajere ne amma shi ma yana da nasa tarkon, musamman babbar salla. Soyayyen nama safe, rana, dare, a kora da lemo, har a kwana 4 ba a ga ganye ba, sai ciki ya ɗaure. Ki ci namanki, salla ce, ba na hana ki. Ki dai haɗa da ganye da ruwa mai yawa, ki kuma yi yawon sallar a ƙafa inda ya yiwu. Mutanen Fanisau sun san wannan, domin a al'adar masarautar Kano garinsu ne Sarki ke hawa ya je bayan babbar salla, kuma duk wadda ta taɓa bin taron kallon dawakin nan a ƙasa ta san ta yi tafiyar da ta fi ta mako guda ba tare da ta ji ba.

Saura komawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari sai daren da za a koma sannan a ce za a gyara komai. Jiki ba ya juyawa kamar fitila. Tun saura mako 1 ki fara matso da lokacin kwanciyarki, kowane dare ki rage kamar minti 20 zuwa 30, har ki daidaita da na makaranta. In hutun ya riga ya lalace, kin yi kwance kin yi nauyi, kada ki hukunta kanki da yunwa ko ki ce ranar farko sai kin zagaye fili sau 10. Ki fara da rabin abin da kike iyawa a da, ki ƙara kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni za ki ga jikin ya tuna. In kin yi zazzaɓi a hutun, ki tabbata kin shanye maganin har ƙarshe, in kuma jiri bai bar ki ba ki ce a auna jininki kafin ki koma.

Ke kuma Umma, in kina haɗa wa 'yar makarantar kwana kayan komawa, a rage katan ɗin lemo da biskit. A sa ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, garin kunu, dabino, busasshen zogale da yajin daddawa da za ta riƙa barbaɗawa a abincin makaranta. A duba gidan sauronta ko ya yage a ɗinke, a sa mata takalmin da za ta iya gudu da shi. Sannan kafin a zuge jakar, a laluba aljihun gefe, inda 'yan mata ke ɓoye ƙwayar da ƙawa ta ba su.